Jinjina ga Masu Riƙon Gidan Ɗan Hausa, Amma da Sauran Aiki

Duk wanda ya san tsadar fili a unguwar Nasarawa ta Kano ya san ba ƙaramin abu ba ne a ce har yau Gidan Ɗan Hausa yana tsaye. Yanki ne na gidan gwamnati da manyan ma'aikata, inda ake rushe gida mai lafiya a dasa bene ko jerin shaguna. A nan ginin ƙasa mai zankwaye ya haura shekara 100 bai faɗa hannun dillalai ba, domin gwamnatin jiha ta keɓe shi a matsayin gidan tarihi, ta danƙa shi ga Hukumar Tarihi da Al'adu. Waɗanda suka yanke wannan shawara, da ma'aikatan da ke buɗe ƙofarsa kullum suna zagayawa da ɗalibai da baƙi, sun cancanci jinjina. Allah ya saka musu da alheri.

Hanns Vischer, wanda gidan ya ci sunansa, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, daga baya ya koma aikin gwamnatin Ingila ya zauna Borno, kuma a 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus tare da ayari. Jin Hausarsa ne ya sa Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a nan Nasarawa, da ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'a, sannan a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Akwai masu cewa me ya kai mu raya gidan ɗan mulkin mallaka. Ina ganin ƙorafinsu yana da tushe, amma rushe gidan ba zai goge abin da ya faru ba, sai dai ya hana yaranmu ganin inda boko ya fara kafa ƙafa su yi nasu hukunci. Kuma hannun da ya ɗora tubalin nan na maginan Kano ne. Gwanintarsu ce ke jikin bangon.

To, a nan aikin yake. Ginin ƙasa ba ya rayuwa da allon sanarwa a ƙofa. Tsofaffin magina sun san yadda mutuwarsa ke farawa: ciyawa da kashin tsuntsu su toshe indararo, ruwa ya kwanta a kan soro, ya sami 'yar tsaga ya bi ta, ya jiƙa kan azarar da ke nutse cikin bango. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba, amma idan ƙasar da ke riƙe da ita ta jiƙe, sai ka ga bakan gizo ya fara sunkuyawa, daga nan ɗaurin guga ya buɗe. Maganin abin ba ɓoyayye ba ne. Kafin damina a hau soro a share, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi wa rufi laso da katsin marina. Aiki ne na kowace shekara, kuma ya fi sake gini araha nesa ba kusa ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gyaran siminti. Ɗan kwangila yana sonsa domin yana da sauri kuma yana kyau ranar buɗewa. Amma siminti ba ya barin bangon ƙasa ya yi numfashi. Danshi ya taru a bayansa, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana fatar simintin ta zubo da rabin bango. Saboda haka duk gyaran da za a yi wa wannan gida, a sa Sarkin Magina da mutanensa a gaba, a biya su da daraja, a haɗa su da matasa masu koyo. Maginan da suka iya ɗaure soro suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun koma bulo domin can kasuwa take. A Djenne ta ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa sana'ar ba ta mutu a can ba.

Sannan wannan gida ɗaya da gidan tarihi na Gidan Makama ba su isa su ɗauki tarihin Kano ba. Cikin birni akwai zaurukan malamai da gidajen fatake da na masu sarauta waɗanda ba su cikin rajistar kowa. Yawanci rabon gado ke cinye su: magada sun yi yawa, ba mai ƙarfin gyara, sai a sayar a raba kuɗi, kuma ba laifinsu ba ne. Yadda badala ke zaizayewa a idonmu ya isa ishara. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta bi unguwa-unguwa tare da masu unguwanni ta rubuta irin waɗannan gidaje, ta ɗauki hotonsu da awonsu, ta zauna da magada. Wanda ya yarda a keɓe gidansa a taimaka masa da kuɗin yaɓe, wanda dole ta sa zai sayar a fara tayawa kafin dillali ya iso.

Ga Gidan Ɗan Hausa kuwa, roƙona ga majalisar jiha da ma'aikatar kuɗi shi ne a ware masa kason gyara na dindindin a kasafin kowace shekara, kuma a saki kuɗin tun cikin rani, yadda magina za su gama aikin soro kafin ruwan farko ya sauka.