Mihnea Ya Musulunta, To Wa Ya Biya Kuɗin Sarautarsa?

Mun ɗauko wata ɗabi'a a wayoyinmu. Da zarar an ce wani babba a Turai ya musulunta, sai kabbara ta cika Facebook, babu mai tsayawa ya tambayi abin da mutumin ya aikata da ikon da ke hannunsa. Finafinan Daular Usmaniyya da ake fassara mana sun ƙara rura wutar, har muna ganin duk wanda ya rusuna gaban Sultan ya wanku. Mu kam mun ƙi wannan ma'auni, kuma tarihin Mihnea, sarkin Walakiya da ke kudancin Romaniya ta yau, ya ishe mu hujja.

An haifi Mihnea a 1564. Da mahaifinsa Alexandru na Biyu ya rasu a 1577, aka ɗora yaron a karaga yana ɗan shekara 13, mahaifiyarsa Ecaterina na riƙe masa ragama. Walakiya ƙasar Kiristoci ce mai biyan haraji ga Istanbul, kuma Sultan ne ke tabbatar da sarkinta. A zamanin Sultan Murad na Uku wannan tabbatarwa ta koma gwanjo: wanda ya fi cika aljihun wazirai da fadawa shi ke samun tutar sarauta. Mai nema sai ya ciwo bashi mai ruwa a hannun attajiran Istanbul, in ya hau ya tatso daga jikin manomi da makiyayi.

A 1583 Petru Cercel, wanda Sarkin Faransa Henri na Uku ya tsaya wa, ya yi tayin da ya fi nasa. Aka tuɓe Mihnea aka kore shi zuwa Tarabulus. Uwar ta ci gaba da ɓarin kuɗi har ɗanta ya dawo a 1585, ya lafta wa talakawa sabon haraji don cike ramin da ya haƙa. A 1590 ya biya aka kashe masa Petru. Duk da haka, a 1591 aka sake tuɓe shi. A nan ne ya musulunta, ya zama Mehmed Bey, aka ba shi mulkin lardin Nikopol a bakin kogin Danube, daura da ƙasar da ya tatse. Ya mutu a Istanbul a 1601.

Romaniyawa sun laƙaba masa Turcitul, wato wanda ya rikiɗa ya zama Baturke. A wurinsu babban laifinsa shi ne barin addinin iyayensa. Mu kuma, in labarin ya faɗo hannunmu, wannan laifin ne za mu juya ya zama lambar yabo. Da su da mu rawaninsa muke kallo, mun bar hannun da ya ƙwaci tumakin talaka. Petru bai musulunta ba, amma shi ma saye ya yi, shi ma ya matse jama'a, kuma da ya tsere a 1585 da tarin dukiya ya tsere. Ashe ciwon Walakiya ciniki ne, ko mai saye ya rataya gicciye ko ya naɗa rawani.

Za a ce mana shiga Musulunci na shafe abin da ya wuce, kuma Allah kaɗai ya san zuciya. Mun yarda, ba mu da hurumin tona imanin kowa. Amma shahadar Mihnea ba ta mayar wa makiyayi ko tunkiya ɗaya ba, shi kuwa ta zo masa da muƙami. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu karɓar toshiyar. Wazirai Musulmi ne, sun san hukuncin rashawa, suka mayar da amanar al'ummar da ke ƙarƙashin kariyarsu hajar kasuwa. In muna alfahari da daular, dole mu ɗauki nauyin faɗin wannan ma.

Kuma gwanjon bai ƙare lafiya ba. Mihai, wanda ake wa laƙabi da Jarumi, ya hau karagar a 1593 ya tarar da bashi ya yi wa ƙasar katutu. A Nuwamban 1594 aka karkashe masu bin bashin a Bukares, yaƙi ya ɓarke, a 1595 Sinan Pasha ya tsallaka Danube da runduna. Abin da aka tara ta hanyar toshiya, da jini aka biya shi.

Saboda haka, duk ranar da aka turo mana hoton wani basarake da taken "ya karɓi Musulunci", mu yi masa fatan alheri, sannan mu tambaya: ta yaya ya hau, wa ya biya, kuma me ya mayar wa waɗanda ya zalunta? Mai tura labarin da ba shi da amsa, ya riƙe abinsa.