Jinjina ga Masu Ɗaukar Katafila

Kafin katafila ta kafta ƙasa a kowane wurin aiki, sai wani ya ɗora ta a bayan mota ya kai ta. Idan aka ambaci madatsar ruwa ta Tiga sai a tuna da Audu Bako, idan aka ambaci titin Abuja zuwa Kano sai a ce Julius Berger, layin dogon Kano zuwa Maraɗi kuma a ce Mota-Engil. Direban lobed, tirelar nan mai shimfiɗa ƙasa-ƙasa wadda ke jan gireda da buldoza da eskabeta tun daga tashar Apapa ko Onne har cikin dajin da ake aikin, babu allon da ke ɗauke da sunansa. Shi da yaransa da makanikensa da mai waldarsa nake yi wa jinjina a yau, kuma sun cancanta.

Wanda bai taɓa tsayawa ya ga ana lodin eskabeta ba, ba zai san girman gwanintar ba. Direba zai zagaya ya nemo ƙasa mai tauri wadda ba ta karkata ba, yara su cusa weji a ƙarƙashin tayoyi, a sauke matakalan baya. Injin mai nauyin tan ashirin da ɗoriya, irin Caterpillar 320, ya fara hawa yana ƙara, tirelar tana nishi. Akwai wata daƙiƙa da nauyin ke rinjaya daga matakala zuwa shimfiɗa, injin ya yi ɗan lilo kafin ya zauna, a nan kowa ke yin tsit yana kallon hannun direba, domin kuskuren taƙi guda ya isa ya kifar da komai. Sai a naɗe hannun injin, a kwantar da bokitinsa kan katako, a gicciya sarƙoƙi ta kusurwa huɗu. Tsohon hannu ba ya yin nisa sai ya tsaya ya sake bin sarƙar nan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da ƙarfe, don ya san girgizar hanya tana sassauta ta. Wannan ilimi ba a aji aka koya masa ba. Shekaru ya yi yana karen mota, yana wanke gilashi, yana kwana ƙarƙashin bodi a Tafa da Mararrabar Jos, kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suka riƙe tsofaffin tirelolin. Kan mota yakan mutu a sauya wani, a sake sauyawa, tirelar tana nan. Akwai waɗanda suka faro da kan Mack ko Marsandi tun zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, suka bi ta hannun DAF da MAN 'yan gwanjon Turai, yau ga su a bayan Howo ta ƙasar Sin. Masu walda na Ƙofar Ruwa da Panteka da Potiskum ne suka raya su, su lanƙwasa ƙarfe, su sauya safirin, su ƙera abin da babu shi a kasuwa. Da ba don su ba, da ƙaramin ɗan kwangilar da ke haƙa magudana a ƙaramar hukuma bai sami mai kai masa inji a kuɗin da zai iya biya ba.

Sana'ar kuwa ta sauya ƙwarai. A da direba in ya bar Legas sai Allah, maigida ba ya jin ɗuriyarsa sai ya iso. Yanzu waya na aljihunsa, na'urar bibiya na jikin motar, maigida na kwance a Kano yana ganin inda aka tsaya. Kuɗin hanya ta banki ake turowa. Sababbin injina kuma na da kwamfuta, makaniken da ke gane ciwon mota da kunne ya fara buƙatar yaro mai na'ura a gefensa. Tun da farashin gas ya yi tsalle a 2022, ribar ta tsuke, ga masu karɓar haraji da sanda mai ƙusa, ga fargabar dare a wasu hanyoyin. Duk da haka ba su ajiye makulli ba.

To, amma a nan ne maganar take da ɗaci, kuma mai ƙaunarku ne zai faɗa. Injinan da ake lodawa yau ba na jiya ba ne. Buldoza D8 ta kusa tan arba'in, tirelar da aka ƙera don rabin wannan kuwa ba ta ƙara ƙarfi don an shafa mata sabon fenti. Babban ƙarfen da ke riƙe da shimfiɗa, idan ya tsage aka yi walda, ya sake tsagewa a gefen waldar, ya gama faɗin abin da zai faɗa, a sauke shi daga manyan kaya. Haka ɗabi'ar toshe bututun iskar birki na wata taya don yana yoyo, a ce sai an dawo za a gyara. A gangara, da irin wannan nauyi a baya, birkin kan mota kaɗai ba zai riƙe ba, kuma a gindin gangaren akwai kasuwa, akwai 'yan makaranta. Mutanen Ojuelegba a Legas sun ga abin da kayan da ba a ɗaure ba ke yi sa'ad da kwantena ta faɗo kan motar fasinja a Janairun 2023. Katafila ta fi kwantena rashin yafiya.

Sai yaron nan da ake ɗorawa saman inji da gora a hannu yana ɗage wayar lantarki idan an shiga gari. Ɗan wani ne. A auna tsayin kaya tun a tasha, a zaɓi hanya, a nemi ma'aikatan wuta inda ya kama. Idan mota ta lalace da dare, ganyen da ake zubawa a kwalta ba ya haske, a sayi alama mai ƙyalli da fitilar gargaɗi, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

Nauyin bai tsaya kan direba ba. Mai mota da ke yanke kuɗin gyara, da ɗan kwangilar da ke son inji ya iso kafin asuba, su ne ke tura shi haɗiyar ƙwaya don ya kori barci. Ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda ke kan hanya tun 1988, ya kamata su zauna su ware wa lobed duba na musamman, a leƙa ƙarƙashinta a ga ƙarfe da birki da sarƙa, kada a tsaya ga takarda.

Ku kuma iyayen gidan sana'a, yaran yanzu suna karɓar sitiyari da wuri, kamfanoni na neman direbobi ido rufe. Kada ku sallami yaro don ya iya ribas da sauya giya. Ku riƙe shi har sai ya iya duban kaya ya ƙiyasta nauyinsa, ya dubi tirelarsa, sannan ya buɗe baki ya ce wa mai kaya, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta ɗauka ba, a nemo babba."