Ranar Shari'a ta Majigi da ta Ubangiji

Kwanan baya a ajin masu shirin baftisma muka tambayi yara abin da zai faru a Ranar Shari'a. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ranar ce injuna za su ƙone duniya da bom. Sauran suka fashe da dariya, amma mu jikinmu ya yi sanyi, gama mun san inda ya samo amsarsa.

Fim ne na Amurka mai suna Terminator 2: Judgment Day, wanda James Cameron ya fitar a 1991, jaruminsa kuwa Arnold Schwarzenegger, wanda yaranmu suke kira Kwamando. A 1993 aka sake fitar da shi domin kallon gida, aka ce fitowa ta musamman ce, domin an mayar da wajen minti 16 da ba a nuna a silima ba. Kaset ya wuce, amma fim ɗin bai wuce ba. Yau yana cikin wayoyin 'ya'yanmu.

Ba mu ce dukan abin da ke ciki mugu ne ba. Yaron da ke cikin labarin ya hana injin kashe mutane, wannan kuwa abin yabo ne. Amma akwai harbi da sara da jini tun daga farko har ƙarshe. A Amurka kanta, inda aka yi shi, an sa masa alamar da ke cewa wanda bai kai shekara 17 ba kada ya shiga silima sai tare da babba. To, silima tana da mai tsaron ƙofa. Sa'ad da fim ya shigo ɗaki, wane ne mai tsaron ƙofa in ba uba da uwa ba?

Abin da ya fi damun mu shi ne koyarwarsa. Fim ɗin ya yanka wa Ranar Shari'a rana, 29 ga Agusta, 1997, ya ɗora ta a hannun kwamfuta, ya kuma nuna cewa mai ƙarfin hali da babbar bindiga yana iya hana ta zuwa. Ranar nan ta zo ta wuce, muna nan. Ubangijinmu Yesu ya riga ya faɗa a Matiyu 24:36 cewa sanin ranar na Uba ne kaɗai. Babba ya san almara ce. Yaro ɗan shekara goma, wanda yake ba makarantar Lahadi sa'a ɗaya a mako, waya kuwa kowane dare, ina zai sani?

Waɗansu za su ce a ƙwace wayoyin a huta. Mun ga gidajen da suka gwada haka, yaran suka koma kallo a ɗakin abokai. Shawararmu ita ce iyaye su fara kallon abin kafin yara. Wanda bai dace ba su hana, su kuma faɗi dalili. Wanda suka bari, su zauna tare, bayan an gama a buɗe Littafi Mai Tsarki a yi magana. Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya, muna roƙonku ku ɗauki zancen nan a taronku na gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Amin.