Shiga NDA: Inda ɗan ƙauye ke faɗuwa kafin ya kai gaban kwamitin tantancewa

Duk shekara dubban matasa ne ke neman gurbi a Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Najeriya, wato NDA da ke Kaduna, amma ƙalilan ne ke tsallakewa. Ga matashin da ya tashi a gari irin Madadi a ƙaramar hukumar Gwarzo, ko a ƙauyukan Kabo, hanyar ta fi tsawo, kuma yawanci ba a gaban kwamitin tantancewa ake kayar da shi ba. Tun daga gida ake barinsa a baya.

Batun ya ƙara nauyi a yammacin Kano. Hare-haren 'yan bindiga da suka daɗe suna addabar Katsina sun tsallako Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, kuma Gwarzo ma tana bakin iyakar Katsina. Wanda zai jagoranci sojojin da za a turo irin waɗannan wurare, daga wannan makaranta ko makamanciyarta yake fitowa.

Matakan da ake bi

An kafa NDA a 1964, ta fara bayar da digiri a tsakiyar shekarun 1980, sannan ta karɓi mata a kwas ɗinta na dindindin a 2011. Wanda ya shiga ɓangaren sojan ƙasa yana shafe shekara biyar, ya fito da digiri da kuma muƙamin ƙaramin hafsa.

Kafin nan sai ya haye shinge uku. Na farko jarabawar JAMB, inda dole ya sanya NDA a zaɓinsa na farko. Na biyu jarabawar da makarantar ke shiryawa da kanta. Na uku shi ne Kwamitin Tantancewa na Rundunonin Soja, inda ake killace masu nema na kwanaki a Kaduna, a duba takardu da lafiya da ƙarfin jiki, a gwada tunani, sannan a yi ganawar baki da baki.

Akwai kuma sharuɗɗan da ba a ɗaga ƙafa a kansu. Shekaru kada su fita daga iyakar da aka ƙayyade, tsayin namiji kada ya gaza mita 1.68, ba aure, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi.

Da wa ake takara?

Ana raba guraben ne jiha-jiha bisa tsarin daidaito na tarayya. Ke nan ɗan Madadi ba da ɗan Legas ko Inugu yake kokawa ba. Abokan takararsa 'yan Kano ne 'yan uwansa daga ƙananan hukumomi 44: ɗan makarantar kuɗi a Nasarawa, ɗan kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, da yaron da ya yi shekara shida yana fareti a Makarantar Soja ta Zariya.

A nan giɓin yake. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarabawa, ya yi asarar mintuna kafin ya karanta tambayar farko. Ita kanta gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, abin da ke nuna halin da makarantun gwamnati ke ciki.

Takarda da jiki

Abin da ya fi saurin mayar da yaro gida shi ne saɓanin takardu. A karkara ba kowa ake yi wa rajistar haihuwa ba, sai a tarar shekarar da ke lambar NIN daban, ta takardar firamare daban, sunan uba a nan Muhammadu, a can Mamman. Gyaran irin wannan yana cin watanni, don haka tun yaro yana ajin farko na babbar sakandare ya kamata a daidaita su, har da takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Ta fuskar ƙarfi, ɗan manomi ba ya jin tsoron wahala. Sai dai noma daban, gudu da agogo daban. Mai nema yana buƙatar watanni yana gudu da atisaye a kan ƙa'ida. Gara kuma ya je babban asibiti a duba idonsa da jininsa da ƙirjinsa tun da wuri, domin akwai matsalar da magani ke kawarwa idan an gano ta a kan lokaci. Wanda ya saba da ƙwaya ko sirof, ya sani gwaji ba ya rufa asiri.

Kunya da jagoranci

Ganawar baki ita ce wurin da tarbiyyar gida ke iya zame wa yaro tarnaƙi. An koya masa sunkuyar da kai a gaban babba, da rage murya, da barin manya su yi magana. Hafsoshin da ke zaune a kwamitin kuwa suna neman wanda zai ɗaga kai, ya amsa da Turanci a fili, ya kare ra'ayinsa ba tare da rashin kunya ba, ya kuma ce bai sani ba idan bai sani ba. Suna lura da yadda yake mu'amala a cikin rukuni: yana sauraro, ko kuwa danne kowa yake yi?

Wannan abu ne da ake koya. Ƙungiyar muhawara a makaranta, shugabancin aji, sauraron labarai kullum, da zama gaban malamai ko tsofaffin sojojin gari su yi masa tambayoyi, duk ba sa buƙatar kuɗi.

Masu sayar da gurbi

Inda buri ya yi yawa, 'yan damfara ba sa nisa. Akan zo wa iyaye da labarin wani babba a Abuja mai gurbi a hannu, a sa su sayar da sa ko gona. Hukumomin soja sun sha gargaɗin cewa ba a sayen gurbi. Kuɗin da za a miƙa wa dillali ya isa biyan darasin lissafi da kwamfuta na shekara guda.

Abin da ya sa ake tsanantawa a bayyane yake. A watan Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi da dama a Tudun Biri da ke jihar Kaduna, bisa kuskuren da rundunar ta amsa. Hukuncin hafsa na iya zama rai ko mutuwa ga gari guda. Yankin da ke son a samu hafsoshin da suka san harshensa da dajinsa, sai ƙananan hukumominsa da ƙungiyoyin ci gabansa da 'yan majalisarsa su fara shirya yara tun suna sakandare, maimakon rabon takardun alfarma bayan an fitar da sunaye.