Ranka Ya Daɗe, Ka Karanta Babin Nan

Akwai laifin da ya zama ruwan dare a jami'o'inmu har an daina ganinsa laifi. Malami zai karɓi ɗalibin digirin digirgir, ya sa hannu cewa shi zai duba aikinsa, sannan ya yi watsi da shi. Ɗalibi ya kawo babi na biyu a watan Maris, Satumba ta kama babin na nan a bayan mota ko ƙarƙashin tarin takardun jarrabawa, ko shafi ɗaya ba a buɗe ba. In ya kira waya ba a ɗauka. In ya zo ofis ya zauna kan benci tun hantsi har la'asar, sai a fito a ce masa, "Ka dawo mako mai zuwa, ina da taro." Shi kuwa ba abin da zai ce sai "To, ranka ya daɗe," domin ya san makomarsa tana bakin alƙalamin mutumin nan. Wannan cin amana ne, kuma masu yin sa sun sani.

Ku dubi ɗalibin aikin gona da ke son gwada irin dawa ko masara. A arewa damina ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Kafin ya shuka sai an amince da tsarin bincikensa, ya samu fili, ya sayi taki, ya biya 'yan ƙwadago. Idan malaminsa ya danne takardar wata biyu, ruwa ya zauna, lokacin shuka ya wuce, to shekara guda ta tafi ke nan. Sai ya sake biyan kuɗin rajista, ya sake biyan haya, ya sake neman bakin da zai yi wa matarsa da mahaifinsa bayani. Malamin ko a jikinsa. Haka abin yake ga mai nazarin sauro da zazzaɓin cizon sauro, da mai auna ruwan rijiyoyi, da duk wanda aikinsa ke rataye da yanayi.

Malamai, za ku ce albashi ba ya isa, kuma gaskiya ne. Kun yi yajin aikin wata tara a 2020, kun yi na wata takwas a 2022, gwamnati ta riƙe muku albashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 darajar abin da kuke karɓa ta ƙara zubewa, har farfesa ya koma zarya tsakanin jami'o'i biyu ko uku yana koyarwar wucin gadi don ya riƙe gida. Ina tare da ku a wannan kukan. Amma ɗalibin ba shi ya riƙe albashin ba. In ka san ba ka da lokacin karanta kundi goma sha biyar, me ya sa ka karɓe su? Amsar ba a ɓoye take ba: yawan ɗaliban da mutum ya yaye yana cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, kuma akwai alawus na duba aiki. Ana son sunan da ladan, ba a son wahalar.

Batun kuɗin bincike ya fi ciwo. Gwagwarmayar ƙungiyarku ta ASUU ce ta haifar da asusun harajin ilimi a 1993, wanda dokar 2011 ta mayar TETFund. Harajin da kamfanoni ke biya ya tashi daga kashi 2.5 cikin ɗari zuwa kashi 3 a 2023. Daga ciki ake ba malamai kuɗin bincike, ake kuma ɗaukar nauyin ƙaro karatunsu. To amma malaman manyan makarantun gwamnati ne ke da wannan ƙofa. Malamin sakandare ko ma'aikaciyar asibiti da ta zo yin digirin digirgir da guminta ba ta da inda za ta ƙwanƙwasa, sai dai ta hannun mai duba aikinta. Shi ya sa abin kunya ne malami ya samu tallafin miliyoyi, ya tura ɗalibansa ƙauyuka tattara bayanai da kuɗin motarsu, su sayi sinadaran gwaji da kuɗin adashi, in maƙala ta fito a mujalla sunansa ne a gaba, na ɗalibin a can ƙarshe ko ma babu. Akwai malaman kirki da ke raba tallafin da ɗalibansu, su zauna da su layi bayan layi da jan biro. Su ne hujja a kanku cewa abin mai yiwuwa ne a cikin wannan talaucin.

Ga kuma ɗawainiyar da aka ɗora wa ɗalibi ranar kare kundi a wurare da dama: shinkafa da kaji da lemo ga masu jarraba shi, wani lokaci har da ambulan na kuɗin mai. Wanda zai yanke maka hukunci bai kamata ya ci abincinka ba. Ɗalibai mata kuwa suna da tasu fargabar in malami ya ce sai a same shi a gida ko a otal, kuma galibi shiru suke yi don kada aikin shekaru ya rushe.

A Amurka ma ana samun malamai masu sakaci, shi ya sa suka mai da abin doka. Tun 2024 hukumar NSF da ke ba da kuɗin binciken kimiyya ta wajabta wa duk mai neman tallafin da zai ɗauki ɗaliban gaba da digiri ya rubuta yadda zai horar da su. Jami'o'insu da yawa kuma suna ware kuɗi na musamman don ɗalibi ya yi bincike a dogon hutun Yuni zuwa Agusta ba tare da ya tafi neman abin sakawa a baki ba. Ba abin da zai hana TETFund ta gindaya irin wannan sharaɗi, ta ce a nuna mata sunan ɗalibin da ke cikin aikin da abin da aka biya shi.

Shugabannin tsangayoyin karatun gaba da digiri, ku ma ba ku fita ba, domin kuna ganin fayil ɗin da ya shekara takwas kuna kau da kai. Ku sa wa'adin mako huɗu ga kowane babi, a rubuta ranar da aka karɓa da ranar da aka mayar. Ɗalibi ya samu damar sauya mai duba aikinsa ba tare da an yi masa bi-ta-da-ƙulli ba. Malamin da ya tara kundaye bai karanta ba, kada a ƙara masa ko ɗalibi ɗaya sai ya sallami na hannunsa. Kuɗin fita fili kuma, komai ƙanƙantarsa, ya shiga hannun ɗalibi a watan Afrilu, kafin ruwan farko.