Ku Daina Ɗora Wa Firiza Laifi, Ku Duba Mazubin

Jama'a, da zafi ya shigo sai ƙorafin nan ya dawo: "Firizar nan jabu ce, zoɓo ya kwana bai daskare ba." A Zakirai da sauran garuruwan Gabasawa, mai sana'ar zoɓo ko kunun aya sai ta kira mai gyara ya ƙara gas, ta biya daga ɗan jarinta. Shi kuwa, sau da yawa ya san gas ɗin lafiya lau yake, amma ya karɓe kuɗin ya yi gum. Haba malam!

Aikin firiza zuƙe zafi ne daga cikin abin sha, kuma dole zafin ya ratsa jikin mazubi kafin ya fita. Gwangwanin alminiyam yana wuce da zafi fiye da kwalba sau sama da 100. Gorar roba ta fi kwalba ma nawa. Masu cewa kwalba ta fi saurin sanyi, hannunsu ne ke ruɗinsu, sanyin jikinta suke ji, ba na cikinta ba. Ga haɗari kuma: ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, sai kwalbar ta tarwatse.

To me ya sa ƙullin leda ke riga kowa, alhali ita ma roba ce? Siririya ce, kuma abin da ke cikinta kaɗan ne. Ki cika jarka mai lita 5 ki tura, ko wuta ta kwana ba lallai tsakiyarta ta kama ba.

Sai abin da aka narkar a ciki. Tsurar ruwa na daskarewa a digiri 0, sukari kuwa yana sauke wannan ma'aunin ƙasa, shi ya sa zoɓo mai zaƙi cau ke tsayawa ruwa-ruwa bayan fiya wata ya zama dutse. Sinadarin alkohol ya fi nuna abin ƙarara: tsantsarsa sai digiri 114 ƙasa da sifili yake daskarewa, firizar gida kuwa wajen 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Sifirit ɗin wanke ciwo ko ya shekara a ciki ruwa ne.

Kafin ki kira mai gyara, ki sa fiya wata guda ɗaya a jikin bangon firizar. In ta daskare, gas ɗinki ƙalau yake. Ki bar zoɓon ya huce kafin ki ƙulla, ki rage girman ƙullin, ki bar tazara tsakaninsu iska ta zaga, kuma a hana yara buɗe murfin kowane minti biyar.