Sharhi: Me ya sa kwamfuta kaɗai ba za ta kawo ƙarshen "dawo gobe" a ofisoshin gwamnati ba?

Duk wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofishin gwamnati a Najeriya ya san waɗannan kalamai: "Fayil ɗinka yana teburin oga." "Mai riƙe da shi ya fita." "Dawo gobe."

Domin magance irin wannan jan ƙafa ne Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ranar 31 ga Disamban 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda su koma kan kwamfuta. Shirin yana cikin tsarin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, wanda aka fara tun zamanin wadda ta gabace ta, Folasade Yemi-Esan.

Babu shakka akwai alheri a ciki. Fayil ɗin da ke kwamfuta gara ba ta cin sa, ba ya nutsewa ƙarƙashin tulin takardu, kuma ba sai masinja ya yi ta hawa da sauka da shi ba.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: wace irin manhaja ake sayowa, kuma shin ta dace da irin aikin da ma'aikatan ke yi? Amsar wannan tambaya ce za ta nuna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Aikin ofis iri biyu ne

Akwai aikin da tun kafin a fara shi an san inda zai ƙare. Biyan albashi, sabunta lasisin tuƙi da buga katin shaida duk suna cikin wannan rukuni. Matakan da aka bi wa Musa su za a bi wa Audu, yau da gobe da jibi.

Irin wannan aiki ne Ba'amurke Frederick Taylor ya yi wa nazari a littafinsa na 1911. Shawararsa ita ce a karkasa aiki ƙanana-ƙanana, a auna lokacin da kowane ɓangare ke ci, sannan a tsayar da hanya guda da kowa zai bi. Masana'antu sun ci moriyar wannan tunani, kuma a kansa aka gina yawancin manhajojin ofis: idan ba a kammala mataki na biyu ba, ƙofar na uku ba za ta buɗe ba.

Rukuni na biyu shi ne aikin likita, da alƙali, da ɗan sanda mai bincike, da mai binciken kuɗi, da jami'in da ke sauraron koke. A 1959 masanin gudanarwa Peter Drucker ya kira irin waɗannan da ma'aikatan ilimi, wato mutanen da jarinsu shi ne abin da ke cikin kansu.

A wajensu, mataki na gaba ya dogara ne da abin da aka gano a matakin baya. Likita ba ya sanin ko gwajin jini zai tura mara lafiya ko ɗaukar hoto sai ya saurare shi, kuma sakamakon gwajin na iya juya akalar maganin gaba ɗaya.

Inda manhaja ke cijewa

Mu ɗauki misalin matar da mijinta ma'aikacin gwamnati ya rasu, ta zo bin haƙƙoƙinsa. A takarda hanyar a miƙe take: a kawo shaidar rasuwa, a kawo takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, a tantance, a biya.

To amma da aka buɗe fayil sai aka tarar sunansa a takardar ɗaukar aiki Muhammadu ne, a banki kuma Mohammed. Wanda ya rubuta a matsayin magajinsa shekaru ashirin da suka wuce ƙanensa ne, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ga kuma wata matar da 'ya'yanta a wani gari, kotun shari'ar Musulunci ba ta gama rabon gado ba.

Tsohon ma'aikaci mai ƙwarewa ya san abin yi. Zai nemi takardar rantsuwa kan sunan, ya rubuta wa kotun, ya ci gaba da lissafin kuɗin kafin amsa ta zo, domin kada a ɓata lokaci.

Manhajar da aka gina bisa matakai a jere ba ta san wannan ba. Da zarar sunaye biyu ba su zo ɗaya ba sai ta tsaya cak. Ma'aikacin zai ce wa baiwar Allah, "Wallahi Hajiya, na'ura ce ta ƙi." Daga nan ko dai ta yi watanni tana zarya, ko kuma a koma rubutu a gefen takarda da tura saƙo ta WhatsApp, inda babu wanda zai iya bin sawun abin da aka yi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Mafitar da masana suka kawo

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Kamfanonin inshora, asibitoci da kotuna a Turai da Amurka sun yi karo da ita, kuma daga nan aka samu tsarin tafiyar da lamari gwargwadon yadda ya zo, wanda ake taƙaita sunansa da ACM.

Sunan ya yaɗu ne bayan littafin Mastering the Unpredictable na 2010, wanda Keith Swenson ya jagoranci rubuta shi tare da wasu masana. A 2014 kuma ƙungiyar OMG, mai fitar da ƙa'idojin manhajoji, ta samar da ƙa'idar zana irin wannan aiki mai suna CMMN.

Ginshiƙan tsarin ba su da wuyar fahimta.

Na farko, lamarin shi ne cibiya. Duk abin da ya shafi matar nan, daga takardu zuwa wasiƙu da bayanan waya, yana wuri ɗaya, kuma duk jami'in da ke da izini zai gan shi a lokaci guda.

Na biyu, ana fayyace buri ne, a bar wa ƙwararre zaɓin hanya. Burin shi ne a biya magada na gaskiya haƙƙinsu. Jami'in na iya ƙara mataki, ko ya jinkirta wani, ko ya gayyato lauyan ma'aikata ya duba wani sashe.

Na uku, akwai shingen da ba a tsallakewa. Misali, komai ƙwarewar jami'i, kuɗi ba zai fita ba sai da takardar kotu da sa hannun mutum na biyu.

Na huɗu, komai yana rubuce: wa ya yi me, yaushe, kuma da wane dalili. Idan wata dabara ta yi ta maimaituwa tana warware matsala, sai a mayar da ita samfurin da sabbin ma'aikata za su ɗauka.

Darasin Ebola a Legas

Najeriya ta taɓa ganin amfanin aiki da irin wannan tunani, ko da yake a lokacin ba wanda ya kira shi da wannan suna.

Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer, ɗan Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka, ya sauka a Legas yana fama da rashin lafiya. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Dakta Stella Adadevoh ce ta yi zargin Ebola, kuma ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Wannan hukunci ne na ƙwararriya, wanda babu jadawalin da zai yanke shi a madadinta. Ita ma ta kamu da cutar, ta rasu a watan Agustan shekarar.

An kafa cibiyar ɗaukin gaggawa bisa salon wadda ake amfani da ita wajen yaƙi da cutar shan inna, ƙarƙashin jagorancin Dakta Faisal Shuaib. Burin ɗaya ne: a gano duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar, a sa masa ido tsawon kwana 21.

Yadda za a cim ma burin kuwa kullum sauyawa yake yi. Wani ya ba da adireshin ƙarya, wani ya ƙi buɗe ƙofa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hulɗa da Sawyer ya sulale zuwa Fatakwal, inda wani likita ya duba shi a ɓoye a otal. Likitan ya kamu ya rasu, dole aka buɗe sabon fagen aiki a Jihar Ribas.

Jami'ai sun bi sawun mutum 894, sun kai ziyarar ido da ido kusan 18,500. A ƙarshe mutum 20 ne suka kamu, takwas suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Daga wannan gogewa aka samar da manhajar SORMAS, da haɗin gwiwar masana lafiya na Najeriya da cibiyar binciken cututtuka ta Helmholtz da ke Jamus. An gina ta ne a kan mara lafiya da mutanen da ya yi hulɗa da su, ta yadda jami'in ƙaramar hukuma da ma'aikacin ɗakin gwaji da hukumar NCDC a Abuja za su ga bayani ɗaya. An yi aiki da ita kan zazzaɓin Lassa da ƙyandar biri, kuma lokacin korona ofisoshin lafiya a Jamus ɗin kanta sun ɗauke ta.

Kotuna: doka ta tsara, aiki ya ƙi

Idan ana neman inda rashin irin wannan tsari ke cin mutane, a duba gidajen gyaran hali. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi.

Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin ɗaure lamarin da wa'adi. Ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum bayan gurfanarwa, idan hakan bai yiwu ba kowane ɓangare kada ya wuce neman ɗagewa sau biyar, kuma tsakanin zama da zama kada ya wuce kwanakin aiki 14.

Amma shari'a ba ta tafiya a kan layi ɗaya. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa sauyin wurin aiki. Fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Shaida ya yi ƙaura. Motar kai fursunoni kotu babu mai. Hukumomi huɗu ne ke riƙe da lamarin mutum ɗaya, kowacce da nata fayil, kuma babu wadda ke ganin hoton gaba ɗaya.

Da a ce lamarin yana wuri ɗaya da dukkansu ke gani, alƙali zai san tun kafin ranar zama cewa shawarar lauyoyi ba ta iso ba, ya kuma san teburin da ta maƙale da adadin kwanakin da ta yi a can.

Ba a nan gizo ke saƙar ba

Masu sukar wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi. A ƙasar da cin hanci ya yi katutu, bai wa ma'aikaci damar zaɓen hanya tamkar bai wa kura ajiyar nama ne. Dalilin da ya sa gwamnatoci ke son manhaja mai tsauri ke nan: an fi yarda da na'ura a kan mutum.

Sai dai tsaurin bai hana zaɓi ba, ya dai kore shi zuwa bayan fage. Jami'in da ke son taimaka wa ɗan'uwansa zai san yadda zai yi, wanda ba shi da kowa kuma a ce masa na'ura ta ƙi. A tsarin da ke rubuta kowane mataki da dalilinsa, mai binciken kuɗi zai iya tambaya: me ya sa ka tsallake wannan mataki ga wane, ka ƙi tsallake wa wance? Amfanin rubutun kuwa ya dogara ne da samun mai karanta shi da kuma hukunta wanda aka kama.

Akwai kuma batun sirri. Tara bayanan lafiya, iyali da kuɗin mutum a wuri ɗaya babban haɗari ne idan kowa zai iya leƙawa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa hukumomi alhakin tsare irin waɗannan bayanai, don haka dole a iyakance wanda zai ga me.

Sannan tsarin yana buƙatar ma'aikaci wanda ya san aikinsa. Idan an ɗauki mutum ta hanyar alfarma, ba a horar da shi ba, ba shi 'yancin yanke hukunci ƙara dagula lamari ne. Ga matsalar wutar lantarki da intanet, musamman a ƙananan hukumomi, wadda ke nufin dole manhajar ta iya aiki ko babu sabis, ta aika bayanai daga baya.

Abin da ya kamata a tambaya

Kafin kowace ma'aikata, ta tarayya ko ta jiha, ta sa hannu a kwangilar manhaja, ya kamata ta fara tantance ayyukanta. Wanda ke maimaituwa ba sauyi, kamar albashi, a bar wa na'ura shi da duk tsaurinta. Wanda ke buƙatar nazari, kamar koke, bincike, haƙƙin mamaci da rikicin fili, a ba shi tsarin da ke lanƙwasuwa.

Ya kamata kuma a zauna da ma'aikatan da ke karɓar jama'a kullum, domin su suka san inda fayil ke maƙalewa, fiye da ɗan kwangilar da bai taɓa zama a teburin ba.

'Yan majalisa da 'yan jarida su ma suna da abin tambaya. Adadin ma'aikatun da suka daina amfani da takarda ba shi ne ma'auni ba. A tambayi kwana nawa lamari ke ɗauka daga shigowa zuwa kammalawa, guda nawa suka wuce wa'adi, kuma a teburin wa suka tsaya.

Matar da ke bin haƙƙin mijinta ba ruwanta da sunan manhaja. Abin da take so shi ne idan ta zo, a iya gaya mata inda maganarta ta kwana, abin da ya rage, da ranar da za ta dawo ta tarar an yi.